Kama da Wane Ba Ta Wane: Salailan Rawar Kontira Masu Kama da Juna

A daren da na fara shiga rawar kontira, a wani zauren taro mai daɓen katako a yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, an ware rabin sa'a kafin makaɗa su fara aiki domin a koya wa baƙi irina abin da za su yi, kuma tun kafin wannan rabin sa'a ta cika na riga na yanke hukuncin cewa rawar ba ta da wata wahala. Abin da idona ya gani shi ne mutum biyu suna zagaya juna su koma inda suka tashi, mai kira, wato wanda yake faɗa wa masu rawa salon da za su yi, ya ba abin suna, su sake zagayawa ya ba shi wani sunan, har sai da na ƙirga sunaye huɗu a kan abin da na ɗauka abu guda ne. Na ce a raina mutanen nan sun cika son raɗa suna. Sai da na shafe kusan shekara biyu ina taka wa mutane ƙafa ina ba su haƙuri, sannan na yarda cewa kowane suna da dalilinsa, kuma yawancin kurakuran da na yi a tsawon wannan lokaci sun samo asali ne daga cakuɗa salo biyu masu kama da juna.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kontira rawa ce ta jama'a da ta zauna da gindinta a yankin New England na arewa maso gabashin Amurka, ko da yake yanzu ana yin ta a kusan kowace jiha. Tushenta raye-rayen karkara ne na Ingila, waɗanda John Playford ya buga tarinsu a Landan a shekarar 1651, tare da abin da ta ɗebo daga Sukotlan da Faransa. Masu rawa suna jeruwa sahu biyu masu tsawo suna fuskantar juna, a rarraba su huɗu-huɗu, kowa da abokin rawarsa da kuma maƙwabcinsa. Kiɗan, wanda galibi goge irin na Turawa da fiyano ke jagoranta, yana da bugu 64 a kowane zagaye, an kasa shi gida huɗu, kowane gida bugu 16, kuma kowane bugu taku ɗaya ne. Da yake ana yin kimanin taku 120 a minti guda, zagaye ɗaya bai fi rabin minti da 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma da ya ƙare kai da abokin rawarka za ku tsinci kanku gaban sababbin maƙwabta, ku maimaita abin da kuka yi. Akwai matsayi biyu: wanda yake tsayawa a hagu da wanda yake tsayawa a dama. A da ana kiransu maza da mata, amma zauruka da yawa yanzu sun koma kiransu da sunayen tsuntsaye biyu, lak da robin, saboda harafin farko na kowane suna ya dace da harafin farko na kalmar hagu ko dama a Turanci. Ni lak na fi rawa, don haka daga gefen hagu zan riƙa ba da labari.

Yawancin salailan taku takwas suke ci. Wannan adadi shi ne ma'aunin komai, domin idan salo biyu suka ci taku takwas kuma suka ajiye mutum a wuri guda, sabon shiga ba ya ganin abin da ya raba su.

Waɗanda suka fara ruɗa ni su ne na zagayen juna. A dosido, sunan da ya fito daga Faransanci mai nufin baya da baya, kana tafiya gaba ka wuce mutumin da ke gabanka kafaɗar dama da kafaɗar dama, ka gusa dama kaɗan bayanku na kallon juna, sannan ka dawo da baya-da-baya zuwa inda ka tashi, fuskarka tana kallon bangon da take kallo tun farko. A alaman na dama kuwa kuna haɗa hannuwan dama, gwiwar hannu a lanƙwashe tana kallon ƙasa, ku zagaya wannan haɗin hannu kamar turke. A zagayen kafaɗar dama babu hannu ko kaɗan, kuna tafiya ne kuna kallon juna ido cikin ido. A suwin kuma kuna riƙe juna, hannun lak na dama a bayan robin, ƙafar dama a ciki ta hagu tana turawa kamar mai tura keken yara da ƙafa ɗaya, ku yi ta juyawa har kiɗa ya kai gaɓarsa. Da za a yayyafa gari a ƙasa a duba sawun ƙafa bayan an gama, da wuya a bambance su, domin dukkansu suna bin hannun agogo ne a kan da'ira ɗaya.

Abin da ya raba su yana sama da ƙafa. Dosido shi ne mafi kaɗaici a cikinsu, domin babu wanda yake riƙe da kai, babu wanda yake jiran idonka, kuma idan ka makara da taku ɗaya ko biyu kana iya taƙaita da'irarka ka cimma kiɗa ba tare da ka ɓata wa kowa lissafi ba. Ina zaton shi ya sa masu tsara rawa suke yawan sanya shi a farkon zagaye, lokacin da ake haɗuwa da sababbin maƙwabta kuma wasu ba su gama isowa ba. Saboda wannan 'yanci ne ma gwanaye suke cika shi da juye-juye, mutum ya yi ta murɗawa shi kaɗai yana zagaya maƙwabcinsa, abin da har yanzu nake ganin ya fi kyau a ido fiye da yadda yake da daɗi a jiki.

Alaman kishiyarsa ne ta wannan fuska. Dukkan aikin yana cikin abin da masu rawa suke kira ba da nauyi, wato kowa ya ja kaɗan, ya bar wani ɓangare na nauyin jikinsa ya rataya a hannun ɗan'uwansa, ta yadda da ɗaya zai saki hannu ba zato da ɗayan sai ya yi taga-taga. Idan nauyin ya daidaita, taku takwas ɗin da suka isa dosido ɗaya za su isa alaman ɗaya da rabi cikin sauƙi, kuma wannan rabin shi ne yake musanya muku wuri. Idan kuwa mutum ya miƙo maka hannu laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma, sai ka ji kana jan buhu, kiɗa ya wuce ya bar ku. Akwai kuma wanda yake ɗaukar abin kokawa, ya lanƙwasa maka wuyan hannu ko ya danne maka babban yatsa, ka kwana kana jin zafi. Daidai shi ne tafi ya haɗu da tafi, yatsu su naɗe a gindin babban yatsa ba tare da matsi ba, wuyan hannu a miƙe, ja ya fito daga damtse.

Alaman na hagu ya ba ni wata wahala da ba ta shafi damtse ba. Na tashi a gidan da idan ka miƙa wa babba abu da hannun hagu sai an buge hannun, don haka a watannin farko duk lokacin da mai kira ya ce hagu, hannuna na dama ne yake riga tunanina fita. Abokin zagayen nawa ya miƙo hagu, ni na miƙa dama, mu tsaya cirko-cirko bayan hannu na karo da tafi, taku biyu su salwanta kafin mu gane wanda ya yi kuskure. Kuskuren kuwa yana da sakamako, domin alaman na hagu saɓanin hannun agogo yake bi, kuma shi ne yake cilla lak daga tsakiyar sahu kai tsaye zuwa hannun abokin rawarsa domin suwin. Da hannun dama sai ka iso ta gefen da ba a jiranka.

Zagayen kafaɗar dama ne ya fi daɗewa bai zauna mini ba. Yana cikin salailan da aka aro daga rawar karkara ta Ingila a zamanin da masu tsarawa irin su Ted Sannella, mai kira daga yankin Boston wanda ya rasu a 1995, suke sabunta kontira domin kowa ya riƙa motsi a lokaci guda maimakon rabin sahu ya tsaya yana kallo. An daɗe ana kiransa jipsi, amma a 'yan shekarun nan masu kira da yawa sun daina, saboda kalmar suna ce da al'ummar Roma, wata ƙabila da ke warwatse a ƙasashen Turai, suke ɗauka a matsayin cin fuska. Tunda babu hannu a cikinsa, ido ne yake riƙe mutum biyun, shi ne yake faɗa maka ko a matso ko a buɗa, ko a ƙara sauri ko a sassauta. Ni kuwa an koya mini cewa kallon babba ido cikin ido rashin kunya ne, kuma rabin mutanen zauren sun haife ni. Saboda haka sai na riƙa zagayawa idona a ƙasa, kafaɗuna a karkace, wato ina yin wani gurgun dosido da sunan wani abu.

Wata dattijuwa mai furfura, wadda na tabbata ta haura saba'in, ita ce ta gyara ni. Mun haɗu a matsayin maƙwabta, na zagaya ta ina kallon takalmanta, muka yi suwin a makare, kuma kafin sahu ya raba mu ta ce da ni cikin murmushi, “Ɗana, idan fuskata ta yi maka nauyi, kalli kunnena, amma kada ka bar ni ina zagaya ƙeyarka.” Na ce mata to, Baba, na gode, ko da yake ba ta san abin da kalmar take nufi ba. Da muka sake haɗuwa a wata rawa a daren na kalli ɗan kunnenta na azurfa, sai na ji yadda da'irar take tsukewa da kanta taku bayan taku, ƙirji na fuskantar ƙirji, har hannuwa suka sami wurinsu muka narke cikin suwin ba tare da an tsaya ko an yi shiri ba. Dosido ba ya iya yin haka, domin yana ƙarewa ne da kai kana ja da baya, wato kana nisantar mutumin da za ka riƙe, sai ka tsaya ka sauya alƙibla kafin ka kama shi. A nan na fara gane cewa ana zaɓar salo ne saboda abin da zai biyo bayansa.

Wannan ya fi fitowa fili a salailan tsallake sahu. Ka ɗauka ni da maƙwabciyata muna tsaye a gefe ɗaya, ina hagu tana dama, muna fuskantar sauran biyun a ɗaya gefen. Akwai hanyoyi aƙalla uku da za mu bi mu koma gefensu su dawo namu cikin taku takwas. Ta farko ita ce ratsawar dama da hagu: kowa ya wuce wanda ke gabansa da kafaɗar dama, robin biyun su bi ta tsakiya lak biyun su bi ta waje, idan mun isa can in karɓi hannunta na hagu da nawa na hagu, in sa hannun dama a bayanta, ni ina ja da baya ita tana tafiya gaba har mu juyo mu fuskanci tsakiya. Wannan juyi na ƙarshe shi ake kira juyin ladabi. A wasu garuruwa ana kama hannun dama a ja juna yayin wucewar, a wasu kuma kafaɗa kawai ake gogawa, kuma baƙo ya kan gane al'adar zaure ne idan ya miƙa hannu ya ga babu mai karɓa. Hanya ta biyu ita ce rakiya, inda muke riƙe juna tun daga farko mu tafi tare a matsayin abu guda, mu kauce dama, lak biyun su wuce juna da kafaɗar hagu, mu yi kwana mu fuskanci tsakiya. Ta uku ita ce rabin hei, saƙa ce ba tare da hannu ba: robin biyu su wuce juna da kafaɗar dama a tsakiya, su wuce lak da kafaɗar hagu a gefe, lak su shiga su wuce juna da dama, kowa ya ƙare a ɗaya gefen.

Wurin sauka ɗaya ne, amma ratsawa tana raba ku taku huɗu sannan ta sake haɗa ku, kuma a cikin waɗannan taku huɗu sabon shiga ya kan ɓace, ya juya shi kaɗai ta dama tun kafin a kama hannunsa, ya ƙare a gefen da ba nasa ba. Rakiya ba ta ba shi wannan dama, domin yana hannun wani tun daga tashi har sauka, shi ya sa na lura idan baƙi suka yi yawa a zaure wasu masu kira sukan cire ratsawa su sa rakiya a gurbinta ba tare da tsarin rawar ya canza ba. A ra'ayina ratsawa ta fi daɗi, saboda wannan ɗan rabuwa da haɗuwa, amma na ga daren da rakiya ta ceci sahu guda daga rushewa. Rabin hei kuwa ba ya ajiye ka kana tsaye kana fuskantar tsakiya kamar sauran biyun. Yana sakin ka ne kana cikin tafiya, fuskarka na kallon mutum ɗaya, shi ya sa abin da ya fi biyo bayansa shi ne balans da suwin. Balans ɗin nan ba balas ɗin cikon kuɗi ba ne, taku huɗu ne na matsowa da ja da baya hannu cikin hannu, kuma a nan ne ake jin duk zauren ya buga ƙafa a katako lokaci guda.

Sarƙa ita ce take shiga tsakaninsu ta rikita lissafi, domin ta ari rabi daga nan rabi daga can. Farkonta irin farkon hei ne, robin biyu ne suke shiga tsakiya su wuce juna ta dama, sai dai da hannu suke jan juna. Ƙarshenta kuma irin ƙarshen ratsawa ne, wato juyin ladabi. Bambancin shi ne lak ba ya tsallakewa ko'ina, yana nan a gefensa, kuma wadda ta iso hannunsa ba ita ce ta bar shi ba. A ratsawa gefe ne yake canzawa abokin tsayuwa yana nan, a sarƙa kuwa ga lak abokin tsayuwa ne yake canzawa gefe yana nan. Kuskuren da lak ya fi yi a sarƙa shi ne ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi yana jira a kawo masa hannu, alhali ya kamata da robin ɗinsa ta tashi ya gusa dama zuwa gurbin da ta bari, ya ɗan juya jikinsa, domin mai zuwa ta same shi ya riga ya fara juyin. Kuskuren da ya fi yi a hei kuma shi ne ya miƙa hannu saboda ƙafafun robin sun yi masa kama da sarƙa, ya kama wadda ya kamata ta wuce shi, ya tsayar da mutum huɗu. Na yi wannan fiye da sau ɗaya, kuma cikakken hei mai taku 16 da wucewa bakwai ba ya yafe irin wannan tsaiko.

Da yake juyin ladabi saɓanin hannun agogo yake bi kuma hannuwan hagu suna haɗe, abin da ya fi dacewa ya biyo bayan sarƙa shi ne tauraron hagu, inda mutum huɗu suke zuba hannuwan hagu a tsakiya su zagaya ta wannan alƙibla, kuma raye-raye da yawa da haka suke ƙarewa. Idan aka sa da'irar hagu a wurin, wadda take bin hannun agogo, sai jiki ya ji kamar an taka birki an sa ribas. Da'irar hagu da tauraron dama su ne tagwaye, alƙibla ɗaya da taku takwas, sai dai a da'ira kana riƙe da mutum biyu kana kallon tsakiya, a tauraro kuwa hannu ɗaya ne a ciki kana kallon ƙeyar na gabanka. Tauraron ma iri biyu ne, ko kowa ya dafa wuyan hannun na gabansa, ko a gicciye hannuwa lak da lak robin da robin, kuma ana zaɓar na biyun ne idan ana so biyu su fice su bar sauran biyun suna ci gaba da juyawa da hannun da ke riƙe tun farko.

Akwai wani dangi na shiga ƙarƙashin hannu wanda sunayensa kaɗai sun isa su sa mutum dariya. Ɗaya ana kiransa da abin da za a iya fassarawa da naushin ƙwaro, ɗan'uwansa na hannun hagu kuma make ƙuma, sannan ga murɗawar Kalifoniya. A dukkansu ana ɗaga hannu sama, robin ta bi ta ƙarƙashi, lak ya zagaya ta bayanta, a musanya wuri cikin taku huɗu. A naushin ƙwaro kuna fara ne kuna fuskantar juna, dama cikin dama, ku ƙare kuna fuskantar juna hannuwan na nan a haɗe, a shirye ku ja juna ku wuce. A murɗawar Kalifoniya kuwa kuna tsaye ne kafaɗa da kafaɗa kuna kallon wuri ɗaya, hannun lak na dama riƙe da na robin na hagu, kuma idan kun gama kun ba mutanen da kuke rawa da su baya, kuna fuskantar waɗanda suke bayanku. Saboda haka ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi bi wajen ƙarasa zagaye a koma ga sababbin maƙwabta. Abin mamaki, ɗan'uwanta na gaskiya ta fuskar sakamako shi ne juyin ladabi, domin shi ma yana juya mutum biyu su kalli inda suka ba baya robin tana nan a dama, ko da yake a ido ba su yi kama ba ko kaɗan.

Mafi munin ɓarnar da na yi ta fito ne daga kalmomi biyu kacal. Akwai salon da mutum huɗu suke jeruwa sahu ɗaya su gangara zauren taku shida ko makamancin haka, su juya su dawo. Mai kira zai ce ko dai a juya ɗai-ɗai ko a juya bibbiyu. Idan ɗai-ɗai ne kowa yana juyawa a inda yake, don haka wadda take damanka ta koma hagunka. Idan bibbiyu ne kuna juyawa tare kamar ƙyauren ƙofa, ku musanya wuri, ta ci gaba da zama a dama. A wannan dare bibbiyu aka ce, ni kuwa hankalina yana kan mai goge, sai na saki hannun maƙwabcina, wani dogon saurayi da ke rawar robin, na juya ni kaɗai. Muka dawo, aka lanƙwasa sahu, aka kira sarƙa, sai ga ni tsaye a gurbin robin, wata mata ta miƙo mini hannun dama daga tsakiya, na karɓa saboda babu yadda zan yi, na tsallake zuwa hannun wani lak mai gemu wanda ya yi mini juyin ladabi da cikakkiyar ladabi yana ƙyaƙyata dariya. Abokiyar rawata ta tsinci kanta da wanda ba nata ba, kuma sai da zagaye biyu suka wuce kafin mutanen da ke kusa suka tura kowa gurbinsa da kafaɗa da nuni.

Petronella da Rory O'More, waɗanda duka sunayen tsofaffin raye-raye ne da aka ciro salon daga cikinsu, su ma suna ruɗa mutane saboda kowannensu balans ne na taku huɗu da gusawa dama ta taku huɗu, kuma mutane da yawa suna murɗawa ta kafaɗar dama a duka biyun. A Petronella mutum huɗu ne a zobe suna kallon tsakiya, balans ɗin ciki da waje ne, kuma kowa yana komawa gurbin wanda ke damansa, sannan a tafa sau biyu, tafin da wasu tsofaffin hannu har yau suke yamutsa fuska idan sun ji. A Rory O'More kuwa a sahu ake, kowa yana kallon saɓanin inda na kusa da shi yake kallo, balans ɗin dama da hagu ne, kuma da yake damanka da daman maƙwabcinka suna nuna juna, gusawar tana sa ku gifta ta gaban juna ku musanya wuri, ka saki hannunsa na dama ka cafke na hagu. Wanda ya kawo balans ɗin ciki da waje cikin wannan sahu zai ja mutum biyu gaba alhali suna ƙoƙarin zuwa gefe.

Wanda nake fama da shi yanzu shi ne salon da ake kira mahaukacin robin, sunan da ya samo daga wata tsohuwar rawar Ingila tun kafin a fara kiran masu tsayuwa a dama da sunan wannan tsuntsu. Sawun ƙafarsa sawun dosido ne sak, kana zagaya maƙwabcinka a gefen sahu, ɗaya ya bi ta gaba ɗaya ta baya, sai dai a kaikaice kake tafiya kamar ƙaguwa, kuma idonka yana can tsallaken sahu a kan abokin rawarka, wanda shi ma yake zagaya nasa maƙwabcin. Wato ƙafa tana hulɗa da mutum ɗaya, ido yana hulɗa da wani. A makon jiya an kira shi, kuma na yi zagaye uku lafiya ƙalau ina riƙe da idon abokiyar rawata, ina jin iskar wucewar maƙwabta a gabana da bayana ba tare da na dube su ba. A na huɗu sai na sami maƙwabciya 'yar shekara goma sha wani abu wadda ranar ce farkon zuwanta, ta tsaya cak a kan hanyata tana kallon takalmanta, na saki idon da nake riƙe da shi, na nuna mata da yatsa inda za ta bi, muka ƙarasa da dosido.